Mai Gyaran Agogo

Shekara talatin da ɗaya ina zaune a bakin Bata,
teburina ƙafa uku ne, ta huɗun bulo,
ina buɗe cikin agogon mutane
in gano mai gaggawa, in gano mai jan ƙafa.
Sai wata asuba yatsuna suka ƙi ni.
Suka tashi kamar ƙullin da ya kwana,
ɗan noti da nake ɗauka da bakin farce
ya faɗi sau uku, na huɗu ƙasa ta haɗiye.

A Asibitin Murtala na yi layi tun hantsi.
Likita Barira ta juya hannuna, ta ce,
"Baba, garkuwar jikinka ce ta rikice.
Ka san 'yan sintiri in sun rasa ɓarawo,
kan mai gida gorarsu take sauka."
Ta rubuta ƙwaya, ta ajiye biro:
"To, me ka ci jiya?"

Na lissafa mata ba kunya.
Shayin Ɗan'azumi, sukari cokali huɗu,
burodi shafe da bota har kunne,
da rana fanke da lemon kwalba mai raɓa,
da dare taliyar leda, dunƙule biyu,
da ƙosai daga man da ya ga Sallah biyu a kasko.
Ta ce, "Kai mai ɗiga wa agogo mai da tsinke,
kai ne kake wa naka ambaliya?"

Maganar ta hau adaidaita tare da ni har Gwammaja.

Sahura ba ta ce uffan ba, ta ɗauki kwando.
Daga 'Yankaba ta dawo da zogale da rama,
da tafarnuwa, da kurkum mai rina turmi,
da ɗanyar citta mai kumburarrun yatsu irin nawa,
ta ɗaga ta kusa da hannuna tana dariya.
Daddawa ta koma tukunyar da aka kore ta.
Tuwon dawa, miyar kuka, wake da ridi,
busasshen kifi ranar da aljihu ya yarda.

Wai akwai ƙananan ma'aikata a cikin ciki,
in ji likita, ido ba ya ganin su,
su ke kwance loma, su raba ta gida-gida.
Na ce na san su, haƙoran agogo ne:
ɗaya ya cije, sauran duk su yi ƙarya.

Ba zan ɓoye ba, makon farko na yi fushi.
Zobo ba sukari kamar gaskiya yake,
sai ka yamutsa fuska kafin ya wuce.
Wata Juma'a na saci fanke biyu a bayan masallaci,
takardar ta tona ni, ta bar tabo a aljihu.
Sahura ta wanke rigar, ta shanya ta a gabana.

Wata huɗu ke nan.
Ban ce na warke ba, kada a yi mini shaida.
Ƙwayata tana nan, ina sha bayan asuba,
in hadari ya haɗo ta gabas gwiwa na sanar da ni.
Amma 'yan sintirin sun rage ihu,
zoben azurfata ya koma yatsansa.

Jiya wani direba ya kawo agogon mahaifinsa,
yana gudu da minti tara kowace rana.
Na buɗe, na hure, na taɓa gashin cikinsa kaɗan,
na ɗauki notin nan da bakin farce,
ya zauna.
Ya ce, "Me ya same shi, Baba?"
Na ce, "Ba komai, mai ne ya yi masa yawa."
Na kurɓi ruwan cittata, ya riga ya huce.