Lambar Ɗayyabu

A rumfar caji ta Ƙofar Marusa
benci ɗaya muka raba, shekara huɗu.
Yana rerawa, ina cewa: rufe mana baki,
kana kore mana ciniki.

Daren ƙarshen gasar talabijin
aka ɗauke wuta.
Muka yi karo-karon lita biyu,
janareta na tari, hoto na rawa,
sai ga shi cikin kwat ɗin aro, hannun ya yi masa tsawo.
Na yi ta tura ƙuri'a har katina ya ƙare.

Yanzu ko'ina muryarsa,
a napep, a gidan biki,
da wani suna da Innarsa ba ta iya faɗa.

Wayoyi sittin ke jone a gabana.
Lambarsa kaɗai ce ba ta shiga.