Harajin Laraba

Sunana Yaritza, shekarata sha biyar.
Gidanmu na ƙarshen layi a Chamelecón,
inda kwalta ta gaji ta tsaya,
kwatami ya wuce shi kaɗai.

Kwanon rufinmu huji bakwai gare shi.
Na san su kamar 'yan ɗaki ɗaya;
in hadari ya haɗo daga bayan duwatsu
ni ke jera musu robobi.

Mama na gasa gurasa da wake a bakin titi
tun kafin motar masaƙa ta kwashi ma'aikata.
Hannunta duk tabon kasko.
Kowace Laraba tana ware lempira ɗari uku
ta naɗe a ambulan.
Ba hukuma ce ta yanka harajin ba,
masu unguwa ne.
Don Eusebio mai facin taya ya tsallake sau biyu;
yau karnuka ke kwana a shagonsa.

Titin bayan coci iyaka ne.
Ba shinge, ba allo,
amma ko yaron goye ya san da shi.
Makarantar yayana Osmin na ƙetare,
taku ɗari biyu, na taɓa ƙirgawa.
Ran nan aka tare shi, aka ɗage masa riga
ana neman zane a fatarsa,
aka ce ya faɗi layin da yake kwana.
Ya dawo leɓe a fashe.
Littattafansa suka koma makarin ƙafar tebur.

Osmin fa, mai tsoron kyankyaso,
mai yi mini lissafi da ka yana tauna rake.

Ya nemi dako a kasuwa, aka ce ina adireshi.
Ya faɗa. Aka ce za a kira shi.

Sai ga shi wata yamma da takalmi fari fat.
Mama ta dubi takalmin,
ta daɗe tana dubansa,
ba ta ɗaga kai ta kai ga fuskar ba.
Wata uku gadonsa a gyare.

Larabar nan ina yanka albasa
babur ya tsaya bai kashe ba.
Na baya ya sauko.
Kai a aske ƙwal, wuya da sabon zane,
ko ɓawon bai gama faɗuwa ba.
Tafiyar na gane kafin fuskar,
ƙafar hagu da ke ɗan shiga ciki.

Bai gaishe mu ba. Na kan babur na kallo.
Mama ta goge hannu, ta miƙa ambulan.
Ya buɗe yana ƙirgawa,
ya ɓata, ya sake,
ya sake ɓatawa,
shi da bai taɓa faɗuwa lissafi ba.

"Ka rame," in ji Mama, can ƙasa-ƙasa,
ta naɗe gurasa biyu masu zafi.
Ya karɓa.
Ya laluba aljihu, ya ajiye kuɗinsu a tebur,
cif-cif, kamar baƙon da ya biyo hanya.

Kuɗin na nan ƙarƙashin gwangwanin gishiri.
Ko ranar da gas ya ƙare ba ta taɓa su ba.

Daren jiya ruwa ya sauko.
Na jera robobi bakwai, na kwanta,
sai na ji wani ɗigo da ban san muryarsa ba:
huji na takwas, daidai kan filon Osmin.
Robobi sun ƙare.
Na ja gadon gefe, na tara tafin hannu,
ina ƙirga kwanakin da suka rage Laraba ta zo.