Ruwan Ƙarƙashin Tayil

Alhaji Labbo ya gama gini a Yawuri,
bayan tasha, inda iskar kogi ke shiga har ɓargo.
Don uwarsa ya yi, Inna Tumba,
mai kwana da kaskon wuta a ƙarƙashin gado
in sanyi ya sauka, gwiwoyi na kuka.
Ya ce daga bana an sallami garwashi,
ɗumi zai taso mata daga ƙasa, ta hanyar ruwa.

Ni na shimfiɗa bututun da hannuna,
na naɗe shi kamar hanjin rago a faranti,
muka zuba siminti, muka jera tayil.
Na ce, Alhaji, a gwada ruwan burtsatsen nan tukuna.
Ya yi dariya har hularsa ta karkace:
"Gado, wanda muke sha ne zai gagari roba?"
Ranar biya ce. Na haɗiye sauran maganar
kamar wanda ba shi da harshe sai kunnuwa.

Shekarar farko Inna ta ajiye takalmi.
Da asuba goshinta kan sami ƙasa da ɗumi
kamar bayan jaririn da aka sauke daga goyo.
Matan unguwa suka riƙa zuwa gaisuwa,
gaisuwar a baki, tafin hannu a ƙasa,
kyanwa ma ta ƙaurace wa murhu ta dawo ɗaki.
Aka ce Labbo ya yi abin da bai taɓa yi ba kowa.

Shekara ta biyu kusurwar gabas ta huce.
Sai bakin taga. Sai gindin gado.
Ɗumin ya yi ta janyewa kamar tafki a bazara,
Inna na bin sa da tabarma, taku bayan taku,
har ya rage faɗin faifai a bakin ƙofa,
injin kuwa na nishi cikin dare
kamar saniyar da ta kasa haihuwa.

Aka kira ni.
Na kwance kan bututu, yarona Anaruwa ya tara bokiti.
Da fari ja ya zo, kamar tofin mai cin goro,
sannan baƙin laka mai warin ruɓaɓɓen ƙwai,
sannan ɓarɓashi fari, mai ƙaras-ƙaras a yatsa.
Tsatsa ta cinye cikin injin,
farar ƙasa ta toshe maƙogwaron roba.
Anaruwa ya toshe hanci ya ce, "Maigida,
ruwa ba ya tsami banza."
Na ce, rufe baki, miƙo mini sifana, ƙaramin mai tsawa.

Inna na zaune tana kallonmu.
"Ni na san halin ruwan ga," ta ce.
"In na ɗiba da safe garau yake kamar idon zakara,
kafin la'asar ya yi ja a gindin kwano.
Dubi butata. Dubi farin mayafina.
Wa ya tambaye ni?"
Ni da Alhaji muka rasa inda za mu sa ido,
kowa na neman inuwa.

Kwana uku muna wanke cikin ƙasa,
muka ɗura tataccen ruwa daga jarka.
Layi biyu suka farfaɗo.
Na uku, wanda ya bi ƙarƙashin gadonta, ya ƙi,
sai an fasa tayil, kuma Inna ta ce kul.
Alhaji ya ce laifina ne. Ban musa duka ba,
rabin na ɗauka, rabin na bar masa a kan kujera.
Da zan fita na hango kaskon ya dawo mazauninsa,
garwashi na yi mini rawa.

Yanzu a jakata akwai tsohuwar kwalba.
Duk gidan da aka kira ni, kafin in taɓa guduma,
sai in cika ta, in ajiye a rana, in zauna.
Masu gida kan ce Gado ya fara tsufa.
Ba na tankawa.
Ina jiran la'asar ne, in ji ta bakin ruwa.