Tebur Na Tara

Ran Asabar Hurera ta ja ni,
'yar ƙanwata mai karatun lissafi,
har wani zaure bayan filin ƙwallo na Garwa.
Ta ce, "Kawu, yau za ka ga dangin dara."
Na ce dara ba ta da dangi sai ƙasa da tsinke.
Shekara talatin ina cin mutane a gindin darbejiya,
har masu facin taya sun daina zama da ni.

Sefa ɗari biyar a bakin ƙofa,
aka ɗaura min jan zare a hannu kamar jinjiri.
Ciki tebur ashirin da 'yan kai,
fanka na kwashe zafi daga nan ta kai shi can.
Ga 'yan kudu suna zuba ƙwaya rami-rami,
ga wani malami daga Marwa
ya gina gari da katako, yana cinikin tumakin kwali.
Fulatanci, Faransanci, Hausa a tukunya guda,
ƙwayar lido ce kaɗai kowa ke jin yarenta.

Tebur na tara babu kwali mai sheƙi.
Yarinya ce, Astajam, da tabarau ɗaure da zare,
ta zana Binuwai a bayan kwalin sabulu,
murafun kwalba su ne mutanen ƙauye,
ƙwallon dabino shanu, tsakuwa buhun albasa.
Ta ce, "Ni na ƙirƙira, ban gama ba. Ku gwada min."
Na gyara zama, na naɗe hannun riga,
na ce, "To, wa zan ci?"
Ta ce, "Ba kowa, Baba. Ruwa ne abokin karawa.
Ko ku huɗu ku tsira, ko ku huɗu ku nutse."

Wannan kuma wane irin wasa ne,
kokawa babu mai kayarwa?
Na yi shiru, na kame kwalekwale,
na tsallake da shanuna bakwai cif,
na jingina da kujera ina jiran tafi.
Aka buɗe kati: ruwa ya ƙaru taku biyu.
Aka buɗe wani: gada ta tafi.
Wani yaro daga Kusiri, Barka sunansa,
ya dube ni ta ƙasan ido, ya ce,
"Baba, tun ɗazu jirginka muke jira."
Shanuna suna tudu,
masu shanu suna ƙarƙashin shuɗin alli.

Na taɓa shan kaye a dara, sau biyu,
ban ji kunya irin wannan ba.

Zagaye na biyu na miƙa jirgi tun ba a roƙa ba.
Barka ya ɗauki yara, Hurera ta ƙirga taku,
wata ma'aikaciyar asibiti ta yar da albasarta
don a samu wurin mutum guda.
Muka yi ta ihu kan murafun lemo,
ni da ban ɗaga murya ko a kasuwa.
Saura ɗaya. Murfi kore, lanƙwasasshe,
tsohuwar da ke can ƙarshen ƙauye.
Kati ya faɗi. Ruwa ya riga mu.

Astajam ba ta ce kaico ba.
Ta buɗe littafi, ta ciji biro:
"Ruwan ya cika sauri, ko?"
Na ce, "Bar shi. Haka yake zuwa.
Sai dai ki bar wanda ya tsira ya iya komawa."
Ta rubuta. Ta tambayi sunana, ta rubuta shi ma.

Da magariba na bi ta gindin darbejiya.
Ramukan darata talatin suna nan,
akuya ta taka uku.
Na sa hannu aljihu neman goro,
sai ga murfi kore, lanƙwasasshe.
Ashe na fito da ita.

Gobe taron zai ci gaba, an ce har la'asar.
Zan kai ta gida.