Zawarcin Rana

Ƙarfe bakwai, Sheffield ba ta gama buɗe ido ba.
Yayyafi ake, irin na baƙon da ba ya sallama, ba ya tafiya.
Na ɗauki ma'auni, na soke fensir a kunne,
na zura takalmin da bai bushe ba tun jiya.

Gidan Misis Ollerenshaw na kan tudu a Walkley,
jan bulo, baƙin rufi, matakala goma sha uku.
Da baki ta ƙirga mini su.
Gwiwa ta yi tawaye, gado kuwa yana sama.
Ta ce, "Ɗaki nake so a ƙasa,
amma kada ya yi kama da asibiti."
Sai da na rubuta wannan
kafin na rubuta tsawon bango.

Mita huɗu da 'yan kai.
Bututun ruwa ya ratsa inda ba a gayyace shi ba.
Maƙwabci ya leƙo ta kan shinge
yana auna inuwar ginin da ban ko zana ba.

Azahar ta same ni a ofis, shayi ya huce.
Takardar hukuma ta iso kan wani aikin daban:
wai rufi ya zarce da taƙi guda.
Taƙi guda! Mako shida na yi ina jiransa.
Magini ya bugo, katako ya hau,
mai gida kuma yana son fada da kuɗin bukka.
Wannan shi ne yawancin aikin,
lissafi, ban haƙuri, gogewa, sake ja.

Kawu Barau, da ya koya mini riƙon igiyar awo,
yakan huda taga ƙarama, can kusa da azara,
don rana ta gaishe da ɗaki daga nesa ta wuce.
Shi korar ta yake yi.
Ni a nan zawarcinta nake,
ina kai mata gilashi, tana ja mini aji,
wata huɗu tana cewa sai ta yi shawara.

Ran Alhamis na koma, na manta awon ƙofar baya.
Wajen ƙarfe uku gajimare ya ɗan tsage.
Sai kyanwar gidan ta sauko daga kujera,
ta taka a hankali, ta wuce murhu, ta wuce kwanonta,
ta kwanta a wani ɗan fili kusa da injin wanki,
faɗinsa bai fi faifai ba.
Nan hasken ya sauka. Nan kaɗai.
Shekara tara tana nazarin gidan nan,
ni da takardar shaida na zo jiya.

Na durƙusa na yi alama da alli a gefen wutsiyarta.
Tsohuwa ta yi dariya har da tari,
ta ce mijinta ma nan yake jan kujera ya karanta jarida.
Har yanzu kofi biyu take saukewa in ta mance.

Da dare na share zanen farko.
Na juya ɗakin ya fuskanci kudu maso yamma,
na sauke taga ƙasa, daidai idon wanda ke zaune,
na faɗaɗa dakalinta ya ɗauki kyanwa da kofi biyu.
Ƙarfen dafawa na ɓoye shi cikin katako,
hannu zai same shi, ido ba zai gani ba.
A bakin ƙofa na bar ɗan wuri
na tuɓe rigar ruwa da ajiye gajiya.
A takarda na ba shi sunan da hukuma ta sani.
A raina, zaure ne.

Ba za a sa sunana a jikin bangon ba.
Maƙwabci zai rubuta ƙorafi, na san hannunsa tun yanzu.
Amma wata Alhamis cikin hunturu, wajen ƙarfe uku,
rana za ta shigo ba tare da ta hau matakala ba.

Na kashe fitila.
Takalmin dai bai bushe ba.