Tarakta a Gindin Gawo

Ruwan shuka ya sauka daren Talata.
Laraba da hantsi tarakta ta tsaya
a gonar Habsu, gabas da Mirriya,
ta ja kunya bakwai, ta takwas rabi.

Ba hayaƙi, ba tari.
Wata ƴar fitila ja ce ta kunnu a allonta,
sai ta yi shiru kamar gidan makoki.

Muka aika a kira Tsahiru,
shi da ya tada injin niƙan unguwarmu
bayan kaji sun shekara suna ƙwai a cikinsa,
shi da ke jin ciwon mota da kunne
tun ba ta shanyo kwana ba.

Ya kwanta ƙarƙashinta,
ya fito da baƙin mai har gemu,
riƙe da wani abu bai kai ɗan yatsa ba.
"Ga mai laifin. Jaka huɗu ne a birni."
Ya hau babur zuwa Damagaram,
kafin la'asar ya dawo ya ɗaura sabo.
Muka murza makulli.
Fitilar tana nan ja, tana kallonmu.

Muka buga waya Yamai.
Murya mai sanyi, ta wanda rana ba ta duka,
ta ce sai ma'aikacinsu ya zo da na'ura
ya shaida wa injin cewa ya warke,
in ba haka ba, ba zai yarda ba.
"Kuma wa ya ce ku buɗe? Garanti ya faɗi."
Yaushe zai zo?
"Sati uku, in hanya ta yi kyau."

Sati uku!
Wa zai roƙi danshi ya zauna ya jira baƙo?

Mu arba'in da biyu muka haɗa kuɗinta:
gyaɗa, wake, ragon layyar Malam Nuri,
ƴan kunnen da Habsu ta gada.
Takarda ta ce tamu ce, har da hatimi.
Nakan ɗauko ta da dare in duba.
Wace irin mallaka ce wannan,
a sayar maka da rijiya
a tafi da guga?

Kakana in hauyarsa ta karye
maƙera yake kai ta,
ya zauna da kansa yana jan zugazugi,
ya biya tiya guda ta hatsi.
Ban taɓa jin an nemi izinin kowa ba
kafin a sa ƙarfe a wuta.

Alhamis muka ɗaura wa shanu galma.
Bijimin Illa ya manta aikin, ya yi ta bauɗewa.
Ita kuwa muka tura ta gindin gawo,
su biyu, masu ƙin damina,
ɗaya ba ganye, ɗaya ba numfashi.

Amma kullum bayan magariba
Tsahiru na can da tocila da littafin ƴan makaranta.
Ɗiyarsa Zalika na karanto masa lambobin allon,
yana rubutawa, yana sokewa,
yana bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya
kamar mai bin sawun ɓatacciyar akuya.

Na tambaye shi jiya.
Ya goge hannu a riga,
ya ce in riƙe masa tocilar da kyau.