Asabar a Bakin Kogin Dordogne

Kogin nan ba ya gaggawa.
Ya lanƙwashe a ƙarƙashin Domme kamar mesar da ta ƙoshi,
tururin safiya kwance a gadon bayansa.
Gidajen dutse masu launin zuma
sun maƙale a jikin tsauni, ka ce sheƙar tsattsewa.

Kafin ƙararrawar cocin Sarlat ta buga tara
kasuwa ta cika ta batse:
burodi mai zafi, kitsen agwagwa a kwalabe,
inabi baƙi wuluk, tafarnuwa an yi mata kitso.

Wata tsohuwa, Fernande,
ta yanko min cukun akuya a bakin wuƙa.
Na taya. Ta yi dariya har haƙorin zinarenta ya leƙo:
"Nan ba a tayi, ɗana, ɗanɗanawa ake yi."
Gefenta kujera ce ba kowa,
sai hula a kai.
"Ta Aubin ce. Shekara arba'in yana tuƙa jirgi zuwa Beynac.
Bara kogin ya wuce, shi ya tsaya."
Ta gyara wa hular zama,
ta miƙo min canji.

Da la'asar na gangara La Roque-Gageac.
Yara na jifan ruwa da tsakuwa,
wani kwale-kwale ya ratsa inuwar tsauni ya ɓace.
Na zauna a matakala, na kwance ƙunshin.
Ashe biyu ta saka.

Ɗaya na ci.
Ɗayan har yau ban san rabon wa ba ne,
kogin kuwa bai waiwayo ba,
balle in tambaye shi.